Kaftin Isiyaka da Tsayin da Ya Tafi Kudu

Duk wanda Allah Ya ba tsayi a garin nan na Gadarif ya san Kaftin Isiyaka, ko yana so ko ba ya so. Kun tuna yadda yake gaisawa da dogon mutum? Kana miƙa masa hannu sai ya ƙi karɓa. Ya ja da baya, ya ɗaga kai ya ƙare maka kallo, sannan ya ce, "Ɗaga hannunka sama in gani." In ka ɗaga, sai ya zaro igiyar awon nan da ba ta barin wuyansa, ya ɗare kan benci, ya auna ka tun daga yatsa har diddige. Sai ya sauko yana girgiza kai: "Ya salam! An yi asarar tsayi." Bayan haka ne zai tambaye ka lafiyar iyali.

Shi kansa fa? To, kun san shi. In zai taka keken ɗinki sai an sa masa katako a ƙarƙashin ƙafa.

Ni ne Adamu direban lori, ƙanin matarsa Yaya Hajara. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da ya shigo gidanmu, don haka duk abin da zan faɗa yau, da yana raye ma a gabansa zan faɗa, kuma da sai ya katse ni.

Auren ma ai da kuskuren ji aka yi shi. Kun san a Larabcin Sudan ɗin nan kwando ake ce wa "salla", ƙwallon kwando kuma "kurat salla". Da Isiyaka ya fito neman Yaya, Babanmu ya aiki Kawu Sale kasuwa ya binciko halinsa. Kawu ya tambayi teloli, suka ce, "Isiyaka? Ai wannan ba shi da magana sai ta salla. Da safe salla, da la'asar salla, ko ruwa ake yi sai ya fita salla." Kawu ya dawo har yana tuntuɓe. Baba ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu suruki waliyyi!"

Ba a yi sati da tarewa ba Yaya ta zo gida tana cika tana batsewa. Wai kullum mijin sai ya ce ya tafi salla, amma da gajeren wando, ga ƙwallo a hammata. Baba ya ɗauki sandarsa ya bi sawu, ya same shi a bayan makaranta yana tsalle-tsalle shi kaɗai a gindin wani ƙarfe.

"Isiyaka! Wannan ce sallar?"

Ya tsuguna yana haki ya ce, "Baba, waccan ma ina yi, wallahi ban taɓa fashi ba. Sai dai ita sau biyar aka ce. Wannan kuwa ba a ƙayyade ba."

Baba ya juya ya ce da Kawu, wanda ya biyo bayansa, "Gobe in na aike ka, ka tambaya da Hausa."

Ciwon nan a Umdurman ya kwaso shi, lokacin da yake koyon ɗinki yana saurayi. A zamanin ƙungiyar ƙasa tana tashe, kuma shi ba ya faɗin labarinta sai da "mu". "Gasar Afirka ta farko da aka yi a Masar, mu muka zo na biyu. Daga baya muka koma Masar ɗin muka zo na uku. Ana jin an ce Sudan, sai ka ga gwiwar abokan karawa ta yi sanyi." Yana faɗa yana nunawa da jiki: ya lanƙwasa, ya juya, ya jefa dunƙulen zare cikin kwandon tarkacen yadi. Rabin lokaci ba ya shiga.

Wata rana na ce, "Kaftin, wai ku da wa? Kai da ko gwiwarsu ba ka kai ba?"

"Direba, kai me ka sani ban da hayaƙi? Shagon maigidana aka kawo ɗinkin wandunansu. Ka taɓa ganin wanda ya ciwo lamba ba wando?"

Yaya tana daga ɗaki ta ɗago murya: "Kada ya ruɗe ka. Da bakinsa ya gaya min, zariya kawai aka ba shi ya zura!"

Ko a jikinsa. Ya gyara zama ya ce, "Hajara, zariyar nan ita ta riƙe mutuncin ƙasa a gaban Afirka. Da ta tsinke fa?"

Amma in aka gama dariya, akwai wani wuri da muryarsa kan sauka. Yakan ce shi abin da ba ya mantawa shi ne yamma a filin atisaye: ga dogon kudu, ga ɗan Umdurman, ga na gabas, ƙwallo tana yawo daga hannu zuwa hannu ba wanda ke tambayar inda aka haifi wani. Shi yana zaune kan katanga da buhun wanduna, ya manta an aike shi. Ya ce sau da yawa ya sha duka a shago saboda haka, kuma bai taɓa nadama ba.

To, sai ƙwallonsa. Wayyo, ƙwallon Kaftin! Da ita ya dawo daga Umdurman, kuma ita ce dai har tsufansa. In ta yage ya ɗinke. Ya liƙa mata fatar tsohon takalmi, ya liƙa robar taya, har ta daina kama da ƙwallo ta koma kamar kabewar da aka bari a rana. In ka buga ta ƙasa, ita ke zaɓar inda za ta. Ɗansa Musa da ke aiki a Bur Sudan ya gaji da jin kunya ya aiko masa da sabuwa fil, ja, tana ƙamshi. Kaftin ya shinshina ta, ya naɗe ta da ƙyalle, ya kulle a akwati.

Na ce, "Ba za a buga ba?"

Ya ce, "Wannan ta wasan ƙarshe ce."

"Wane wasan ƙarshe? Na farkon ma yaushe aka yi?"

"Shi ya sa nake ajiye ta."

Duk kaka nakan ɗora kekensa a lori mu tafi Gadambaliya, inda ma'aikata ke yankan dawa a manyan gonaki. Can yake kafa rumfa a sansaninsu yana facin riguna da buhuna. Amma kafin ya kafa rumfar sai ya kafa gungume, ya ɗaura masa zoben bakin ganga a matsayin kwando. Kun dai san ƙasar can: da rani ta dare kamar a saka ƙafa, da ɗan ruwa kuwa ta zama danƙo. Mutane sun yini suna yanka, baya ya ƙage, shi kuma yana bi rumfa-rumfa yana cewa a fito atisaye. Wani Bazabarme ya taɓa ce masa in bai bar su sun huta ba zai ɗinke shi a buhu da allurarsa.

A can ya haɗu da Majok. Muna shan shayi da hantsi sai na ga Kaftin ya miƙe da kofi a hannunsa. Can cikin gona, dawa ta rufe kowa, amma ga kan mutum ɗaya da kafaɗunsa suna tafe a sama da zangarniya. Kaftin ya ce, "Adamu, ko dai idona ne?" Ya kutsa cikin dawar nan da gudu, muka daina ganinsa, sai motsin kara kawai.

Majok mutumin kudu ne, Kirista, mai sanyin magana, ya zo aikin kaka da iyalinsa. Kaftin ya jawo shi har gindin gungumen, ya danƙa masa kabewarsa, ya ce ya saka. Majok ya miƙa hannu, ko ɗage bai yi ba, ya ajiye ta cikin zobe kamar mai ajiye kwano a kan kanta. Ta faɗo ƙasa. Kaftin ya yi kabbara. Majok ya leƙa zoben ta sama, ya leƙa ta ƙasa, sannan ya ce da Larabcinsa mai nauyi, "Ya zol, bawan Allah, kwandonka ba shi da gindi. In saka, ta faɗo, in sake ɗauka? Kai ba tela ba ne? Ka fara ɗinke shi tukuna."

Shekara da shekaru Kaftin yana lallashi, Majok bai sake taɓa ƙwallo ba. Shi shanu yake so, da kofi mai citta. Amma ya bar gona ya dawo cikin gari yana dako a kasuwar hatsi, kuma kowace la'asar yana bakin shagon Kaftin, an ɗora jabana, tukunyar kofi, a kan gawayi, ɗaya yana zuba labarin Masar, ɗaya yana gyangyaɗi. In suna tafe a layi sai a ce ga turmi da taɓarya. Ranar sunan 'ya'yan Kaftin Majok ne ke riƙe rago. Ranar Kirsimeti Kaftin ne ke ɗinka wa 'ya'yan Majok kaya, yana auna su yana addu'a su wuce ubansu.

Da aka zo raba ƙasar Sudan gida biyu, mutanen kudu suka fara haɗa kaya. Majok ya zo ya faɗa wa Kaftin shi ma zai tafi. Kaftin ya yi kamar bai ji ba, ya ce dai ya tsaya ya ɗinka masa jallabiyar tafiya. Yadin da ta ci ya isa labulen ɗaki. Kullum Majok ya zo karɓa sai ya ji, "Saura wuya." Gobe, "Saura aljihu." Ni da idona na kama shi yana farke hannun da ya ɗinka jiya.

Na ce, "Kaftin, me kake yi haka?"

Ya ce, "Ya karkace."

"Bai karkace ba."

"Kai tela ne?"

Ƙarshe dai Majok ya zo ya durƙusa a ƙofar shago, don in yana tsaye ba sa ganin idon juna, ya ce, "Isiyaka, mota ba za ta jira wuyan riga ba." A ranar aka gama jallabiya.

Ni na ɗauke su a lori zuwa Kosti, inda za su hau jirgin ruwa. Kaftin ya rantse ba zai yi rakiya ba, wai shi yana da aiki. Muna tayar da mota sai ga shi da akwati, ya ce a rage masa hanya zuwa Fau, akwai awon da zai ɗauka. Muka iso Fau na tsaya. Ya ce mai awon ya ƙaura. Muka wuce Madani, bai nemi sauka ba. A bakin ruwa a Kosti ya buɗe akwatin, ya fito da jar ƙwallon nan da ƙyallenta, ya tura wa Majok a ciki ya ce, "Ta jikokinka ce. Kai ka riga ka lalace."

A hanyar dawowa mutumin da ko a jana'iza sai an ce masa ya yi shiru, bai yi magana ba sai da muka hango duwatsun Fau. Sannan ya ce, "Adamu, sun tafi da tsayin ƙasa. Sun bar mu da gajarta."

Da farko suna gaisawa ta waya. Da rikici ya ɓarke a kudun, lambar ta daina shiga. Kaftin bai goge ta ba. Duk ɗan kudun da ya gifta ta kasuwa sai ya tare shi: "Ka san Majok? Dogo ne." Su yi dariya su ce, "Ya hajj, dukanmu dogaye ne."

Sai namu yaƙin ya zo. Kun san yadda garin nan ya cika da mutanen Hartum da na Madani, kowane gida ana kwana har a zaure. Kaftin ya tsufa, ido ya yi rauni, Yaya ce ke zura masa zare. A cikin wannan halin ne labari ya zo cewa ƙungiyar Sudan ta Kudu, ƙasar da aka haifa jiya-jiya, za ta buga ƙwallon kwando a gasar Olamfik a Faransa. Wallahi sai ka ce an yi masa allura. Ya sa aka wanke masa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya ce in kai shi rumfar kallo ta bakin kasuwa, wadda ke da faifan hasken rana. Da hantsi ne, an yi ruwa, sai da na goya shi muka tsallake taɓo. Ya ce in na faɗa wa kowa zai tsine min. To, ga shi na faɗa.

Aka jera 'yan wasan a talabijin, dogaye baƙaƙe kamar an zana su. Ya matsa har hancinsa na taɓa gilashi yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Na san wa yake nema. Sai aka saki taken ƙasa, amma taken da ya fito namu ne, na Sudan! Masu shirya wasan ne suka yi kuskure, nan da nan suka katse suka sa na daidai. Amma ina! Kaftin ya riga ya miƙe yana buga sanda a ƙasa: "Kun ji? Kun ji da kunnenku? Har Turawa sun san ba a raba ba!"

Wani saurayi ɗan Hartum ya ce, "Ya hajj, zauna mana. Ba ƙasarmu ba ce."

Ya juyo ya ce, "A taswira kenan. A salla ba a raba ba. Yaranmu ne!"

Kafin a je rabin wasa, saurayin nan ya fi kowa ihu. Yaran suka ci wasan. Mutanen da suka bar gidajensu da kayan jikinsu kawai suka rungumi juna a rumfar nan suna tsalle. Kaftin ya zauna yana goge ido da bakin rawani, wai hayaƙin gawayin mai shayi ne.

Daga ranar ya hana ni sakat. "Nemo min Majok." Na ce ƙasa guda zan bincika? Ya ce, "Ku direbobi ba gulmar da ba ku sani ba, wannan ce za ta gagare ku?" Na bi abokan aiki, wannan ya haɗa ni da wancan, har aka samu wani mai kai kaya kan iyaka da ya ce ya san wani tsoho a garin Rank na Sudan ta Kudu, dogo ko a cikin dogaye, mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, in ya ji haushi yakan ce "kai, madalla!" a inda bai dace ba. Na ce shi ne. Kaftin ne ya koya masa.

Ranar da kiran ya shiga, da safe ne, muna tsakar gida. Fuskar Majok ta fito a wayata, gashi fari fat, haƙora sun zube. Na zaci za a yi kuka. Kaftin ya ƙwace wayar, ko sallama babu, ya ce, "Ka gani? Ka ga abin da nake gaya maka? Da ka ji maganata da kai ne a talabijin!"

Majok ya ce, "Har yanzu ba ka ɗinke kwandon ba?"

"Ina ƙwallona? Jikokin sun buga?"

"Sun buga sosai. Har ta fashe."

"Madalla! Suna sakawa?"

"Da ƙafa suka buga."

Kaftin ya dafe ƙirji. "Da ƙafa? Hajara, kawo ruwa! Da ƙafa!"

Da ya farfaɗo sai ya ɗauko zancen taken, yana washe baki, wai ko Majok ya ji yadda aka sa namu. Majok bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ji, Isiyaka. Jikokina sun yi kuka ranar. Mun binne mutane da yawa kafin mu samu waƙar kanmu. Ranar farko da muka tsaya a gaban duniya, sai aka sa mana ta wasu."

Kaftin dai, tun da na san shi ban taɓa ji ya janye magana ba, ko a kan farashin maɓalli. Sai ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ɗan'uwana. Ban yi tunani ba. Rera min taku in ji."

Majok ya fara rerawa da muryar tsufa, tana karyewa, layin yana yankewa yana dawowa. Kaftin ya miƙo min wayar, ya dafa sanda, ya miƙe tsaye. Ya harare mu, ni da Yaya da baƙin da ke zaure, duk muka miƙe. Bai zauna ba sai da aka kai ƙarshe. Sannan ya share majina ya ce, "Ba laifi. Sai dai ta yi gajarta ga dogayen mutane."

Daga nan kowace Juma'a sai sun yi waya, kowa da jabanarsa a gabansa, suna musu. Kaftin ya ce in hanya ta yi kyau bayan kaka zan kai shi Rank. Har ya sa Yaya ta sayo yadin da zai ɗinka wa Majok jallabiya. Ana fara yankan dawa zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah Ya karɓi abinsa.

Ni aka bar wa faɗa wa Majok. Na kira, na faɗa. Can sai ya ce, "Adamu, rabin rayuwata ina sunkuyawa don in ji abin da mutumin nan ke cewa, har bayana ya saba. Yanzu wa zan sunkuya wa?" Sannan ya tambaye ni abin da mu Musulmi ke faɗa in namu ya rasu. Na gaya masa. Ya maimaita a hankali, kalma-kalma, don kada ya yi kuskure.

Allah Ya jiƙan Isiyaka. Allah Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba Yaya Hajara haƙuri. Allah Ya kashe wutar nan da ke cin ƙasarmu, arewa da kudu, Ya buɗe hanyoyi, don waɗanda suka rage su ga juna tun suna da rai. Amin.